Yaɓen da Muka Yi wa Gadar Ɗinya

Abin da zan faɗa muku ya faru ne damina ɗaya kafin a rufe boda, tun ba a san da ciwon nan da ya hana mutane zuwa Makka ba. A gidanmu shekarar muke kira shekarar da rijiyar bakin tasha ta rufta. Ita kuwa gadar an gina ta ne lokacin da aka sauya wa motoci hannu, ana gab da daina ciniki da sule da fam, ina ɗauke da cikin ubanku. Saboda haka ubanku da Gadar Ɗinya tsara ne, ita ta girme shi da 'yan watanni. Kun tashi a Gumel kuna jin ana cewa shi ya kashe garin da aka haife shi, kuma na san akwai wanda a cikinku ya taɓa cin duka a makaranta saboda wannan magana. To, ku rubuta yadda na faɗa, kada wanda ya gyara mini. Ni Dije ban taɓa buɗe littafi ba, amma abin da idona ya gani ba ya bukatar malami.

Kafin gada babu gari a nan. Kwari ne kawai da itatuwan ɗinya, wanda rani duk sai ka ratsa shi ƙafarka a bushe, amma in damina ta yi tsakiya ya kawo ruwan da zai tafi da raƙumi da kayansa. Kakanku daga wajen Gagarawa ya zo da ni, ya shiga aikin lebura, yana ɗaukar kwanon kankare a ka har gashin tsakiyar kansa ya ƙare bai sake fitowa ba. Ni kuma na kafa tukunya ina dafa wa ma'aikata. Da aiki ya ƙare kowa ya kama gabansa, mu muka zauna, domin motocin da ke ratsowa daga Sule Tankarkar zuwa kasuwar Maigatari sun fara tsayawa a inuwar ɗinya su sha ruwa. Daga tukunya ɗaya aka koma rumfuna. Mai faci ya zo, mai shayi ya zo, mahauta suka zo, aka yi masallaci, aka naɗa mai gari. Tuwona kuwa, ku tambayi duk tsohon direban shanu da ya rage, daga Damagaram har Kudu, wace ce Dije mai tuwon gada. Ban taɓa kiran ciniki da bakina ba.

Ubanku shi ne ɗan farina, kun kuma san yadda muke da ɗan fari. Ana yaye shi Inna, uwar mijina, ta ɗauke shi. Ban taɓa kiran sunansa ba, Na Inna nake cewa, shi kuma ya tashi yana jin ƙannena suna ce mini Yaya, shi ma ya kama. In ina da magana da shi sai in faɗa wa bango ko in aika wani. Da ya yi karatu ya zama injiniya, mai duba gadoji, mata suka zo yi mini barka, na ce su je su yi wa Inna, ni me ya shafe ni. A ciki kuwa Allah kaɗai ya san abin da nake ji.

Tun kakanku yana da rai ya ɗauki gadar kamar ɗakinsa. Kowace shekara in damina ta ɗauke yakan tara matasa su kwashe yashi da ƙaya da ruwa ya tara a ƙarƙashi, su sare ciyawar da ta fito a gefe. Iyakar abin da yake yi ke nan, ya ce haka waɗanda suka gina ta suka faɗa masa. Bayan rasuwarsa gayyar ta koma hannun amininsa, Malam Audu Sarkin Magina, mutumin da rabin ɗakunan garin nan hannunsa ne. Shi magini ne, ba ya iya ganin tsaga a bango ya wuce. Ya ce ai gada gini ce, kuma duk ginin da ba a yi masa yaɓe ba bayan damina, mai shi ya yi sakaci. Muka ga gaskiyarsa. Mu matan tasha muka riƙa sayo siminti, shi da yaransa su bi duk inda ya tsage su shafe, su bi inda ya ɓantare su cike, sannan a kawo farar ƙasa a shafe ta tas. Akwai wasu ramuka a jikinta da ke ɗigo da ruwa mai datti a kan masu dara, domin ƙarƙashin gadar ya fi ko'ina sanyi da rani, nan dattawa suke wuni. Su ma aka toshe su. Ranar gayya ni ce kan tukwane, da kiɗa da guɗa kamar ana biki. In ma'aikatan hanya suka zo zagayensu na shekara, su sauko daga mota su leƙa, su ce duk yankin nan babu gadar da ake kula da ita kamar tamu. Muna jin haka kanmu ya ƙara girma. Haka muka yi shekara da shekaru.

Sai aka ce bana babban dubawa za a yi, kuma ɗan gari ne zai zo, wato ubanku. Uwarku ce ta fayyace mini, don ita nake tambaya. Ta ce ya ce tun ranar da aka gama gada ake tsara mata yadda za a bi ta har tsufanta. Akwai leƙawar kowace shekara, wadda ido kawai ake sawa. Akwai kuma wadda ake yi jefi-jefi, a kafa tsani, a taɓa ko'ina da hannu, a ga abin da za a gyara tun yana ƙarami, a kuma ƙiyasta sauran kwananta. Tamu an daɗe ba a yi mata irin wannan ba, saboda duk wanda ya leƙa sai ya ce lafiyarta ƙalau, a kai ma'aikata inda aka fi bukata. Da muka ji haka muka ce wannan shekara ba za mu kunyata ba. Ba a taɓa gayya irin ta bana ba. Har tsakuwar bakin hanya sai da aka shafa wa fari.

Ina rumfata na hango shi ya sauko daga mota da abokan aikinsa. Ya tsaya ya dubi gadar tana ƙyalli, mutane sun kewaye shi suna jiran yabo, sai na ga kafaɗarsa ta sauka. Uwa ta san bayan ɗanta ko da ba ta kallon fuskarsa. Ya gaisa da kowa, ya durƙusa wa Malam Audu, sannan ya karɓi guduma ya shiga ƙarƙashi. Kwanaki suna zuwa suna komawa, muna jin ƙwanƙwasa daga safe har la'asar. Ana nan labari ya fito daga bakin direbansu, cewa za a hana manyan motoci hawa, wataƙila ma a rufe ta gaba ɗaya.

Mai gari bai aiko a kira ni ba, da kansa ya zo da liman da dattawa, abin da bai taɓa yi ba. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure na zauna daga ciki. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya ambaci kakanku, ya ambaci marayun da ke ci daga tasha, ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ya ce gadar da ta ɗauki shanun Nijar tun kafin yaron ya yi haƙori, yau ita ce za a ce ta gaza? Daga ƙarshe ya faɗi abin da ya kawo su.

"Dije, ɗa ba ya tsallake maganar uwa. Ki ce masa ya rubuta lafiya. In ya ƙi, ki ce ba ki yafe nononki ba."

Ƙawata Tabawa, wadda rumfarta ke jikin tawa tun muna da ƙuruciya, tana gefena tana zungurina. Bayan sun tafi ta ce ai wannan ba abin tunani ba ne. Na ce mata ni da ko sunansa ban taɓa kira ba, yau rana ɗaya in buɗe baki da tsinuwa?

"To ki ci gaba da kunyarki," in ji ta. "In motoci suka daina tsayawa sai ki kwaɗa ta da ƙuli ki ci."

Ba zan ɓoye muku ba, maganarsu ta shige ni. Tashar nan ita ce gonata, ita ce sarautata. Amma ban taɓa sayen tukunya a kan maganar mai talla ba, sai na ƙwanƙwasa da kaina. Washegarin kasuwar Maigatari, da hantsi, lokacin da motocin shanu ke gangarowa, na yafa mayafi na bar wa yarinya tuwo na sauka kwarin. Abokan aikinsa suna ganina suka sulale. Ya sauko daga tsani ya durƙusa. Na juya masa gefe, na dubi ginshiƙi, na ce wa ginshiƙin an ce wani yana so ya rufe gadar ubansa, na zo in ga dalili.

Ya miƙo mini gudumar. Ya nuna wani wuri can ƙasa ya ce in buga. Na buga, ta yi ƙara mai kaifi, irin ta sabon tulu. Ya nuna sama kaɗan, inda muka fi shafewa da kyau. Na buga, sai na ji buf, kamar tulun da ya tsage a ciki wanda ko kyauta ba za ki karɓa ba. Ya sa bakin gudumar ya ɓamɓaro yaɓen, ya taho fale-fale kamar ƙanzo. Abin da ke bayansa ban manta ba har yau. Rodin da na ga kakanku suna ɗaurawa, mai kaurin rake, ya kumbura ya yi ja, ya taɓa shi da yatsa yana zubowa kamar garin barkono. Wurin a jiƙe yake, alhali an daɗe da ɗauke ruwa.

Ya tambaye ni, a hankali, wa ya toshe ramukan nan. Na ce mu ne, kuma da kyau aka toshe su.

"Yaya," ya ce, "indararo ne. In aka toshe wa soro indararo, ina ruwan zai bi?"

Babu macen da ta taɓa kwana a ɗakin soro da ba ta san amsar ba. Ya ce ruwan da ya rasa hanya shi ya zauna a cikinta shekara da shekaru yana cin ƙarfen. Ya ce tsaga ita ce bakin gada, da ita take faɗa wa mai dubawa inda ke mata ciwo, mu kuma kowace shekara sai mu rufe mata baki kafin ya iso. Da an ga tsagar tun tana siririya, aikin 'yan kwanaki ne, kuma da gadar ta kai jikokinsa. Na tuna da abin da ake cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, mu kuwa ranar ce muke ƙara mata zane.

Muna tsaye muka ji tirela ta taho. Ya ce in sa yatsana a cikin tsagar da ya buɗe. Na sa. Da motar ta hau, tsagar ta buɗe yatsana ya ƙara shigewa, da ta wuce ta matse ni har sai da na fizge. Ƙasa ta zubo mini a mayafi. A saman motar akwai yaran shanu zaune a kan katako suna waƙa, ɗaya har ya ɗago mini hannu.

Na zauna a kan dutsen masu dara. Shi ya fara magana. Ya ce ya san abin da mai gari ya zo nema a wurina, kuma in na faɗa masa kalmar nan ba zai iya rubuta ƙarya ba, sai dai ya ajiye aikin ya bar ƙasar, wani ya zo ya rubuta abin da ya ga dama. Sannan ya roƙe ni abu ɗaya. Ya ce zai rubuta cewa tsufa ne da nauyin motocin zamani, kuma ba ƙarya ba ne, suna ciki. Amma ba zai tsaya a gaban jama'a ya ce yaɓe ne ya ƙarasa ta ba. Ya ce Baba Audu shi ya yi masa huɗuba, shi ya gina ɗakin da aka kai uwarku, in maganar ta fita tsohon nan ba zai sake ɗaga kai ba, kuma za a mai da garin abin dariya a kasuwar Maigatari, a ce ga waɗanda suka yi wa gada kwalliya har ta mutu.

"Gara a zage ni ni kaɗai," ya ce. "Ni ina da inda zan koma."

A ranar ne na fara duban fuskarsa sosai tun yana goye. Ashe har ya yi furfura a gemu ban sani ba. Na ce masa, shi, ba ginshiƙi ba, ya je ya rubuta abin da ya gani, nonona halal ne a gare shi duniya da lahira.

Da yamma na je ƙofar mai gari da kaina na ce ba zan yi ba. Ya tambayi dalili, na ce gani ya kori ji, wanda yake so ya sani ya ɗauki guduma ya sauka. Ba wanda ya sauka. Ba a daɗe ba aka kawo duro-duro aka cika da kankare aka tare bakin gadar ta kowane gefe, sai babur da mai ƙafa da jaki ke wucewa. Ubanku ya yi ta kai da kawowa a kan a sake gina ta a inda take, uwarku shaida ce, har rama ya yi. Amma na sama da shi suka auna suka ce can gabas kwarin ya fi ƙunci, ƙasar ta fi ƙarfi, can za a yi sabuwa. Hanya ta karkata ta bar mu. Daga rumfata ana hango ƙurar motoci, ba a jin ƙararsu.

Mai faci ne ya fara tashi, sai mahauta, sai mai shayi. Tabawa ta kwashe kwanukanta ta koma Maigatari wurin 'yarta, ko sallama ba ta yi mini ba, mu da muka yi wa juna wankan jego. Na ci gaba da hura wuta har wata rana na tuƙa tuwo ya kwana ya wuni ba wanda ya tambaya, na raba wa yaran maƙwabta, na kife tukunyar. In na je taron suna sai hira ta mutu. Ana cewa an ba shi wani abu ne ya kai hanya garin wasu, ana cewa boko ya cire masa tausayi, ana cewa ni na ɗaure masa gindi don ya gina mini gidan bulo a Gumel. Ga ɗakina nan kuna gani, na ƙasa ne. Sau nawa maganar ta zo mini har maƙogwaro, musamman in na ga waɗanda suka fi kowa rawa ranar gayya su ne suka fi kowa zagi. Sai in haɗiye. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ya zo sallar farko, ya shiga masallaci, sahu ya buɗe masa ta dama da hagu kamar mai kuturta. Daga nan ya daina zuwa da rana ta taro, sai ya aiko uwarku da ku. Ya so in koma wurinsa, na ƙi. Na ce in na tashi za a ce gudu na yi, kuma kabarin kakanku yana nan. Ga Gumel ga nan, tafiyar da ba ta kai a dafa wake ba, amma sai in yi watanni ban sa shi a ido ba. Ciwon da ya ɗauke shi bai ba da sanarwa ba. Ya dawo daga duba wata gada ta wajen Sule Tankarkar ya ce kansa, kafin a zo a ɗauke ni har an rufe masa fuska. Mutane sun ce uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban jama'a. Ban yi ba.

Daga garinmu waɗanda suka zo jana'iza ba su cika bayan a-kori-kura ba. A cikinsu akwai Malam Audu, ana riƙe da shi, don ƙafa ta riga ta tafi. Bayan an dawo daga maƙabarta ya sa aka kawo shi bakin ƙofar da nake, ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana jan carbi.

"Dije, ni magini ne," ya ce. "Tun ranar da na ji ƙarar gudumarsa daga zaurena na san abin da hannuna ya yi. Na jira ya faɗa, bai faɗa ba. Ni kuma na kasa."

Na dube shi, tsoho, hawaye yana bin gemunsa. Abubuwa da yawa sun zo mini baki. Na sa aka kawo masa ruwa, na ce Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Amanar da aka ba ni ba ta mutu da mai ba da ita ba, na riƙe har shi ma Malam Audu ya koma ga Allah, bara da kaka. Yanzu babu wanda maganar za ta kunyata sai ni, ni kuwa ban ga abin kunya ba. Abin da muka sani ke nan, da shi muke raya ɗakunanmu, kuma don ƙauna muka yi.

Cikin waɗanda suka zauna a zaurena ranar nan, mai gari ya rasu, limamin ma ya rasu. Saura ƙanen mai gari, Alhaji Sabo, wanda idonsa ya tafi, yana nan yana zama a gindin ɗinya. Tabawa tana Maigatari, an ce ƙafa ta hana ta fita, bara ta aiko mini da goro ba tare da saƙo ba, na karɓa. Uwarku tana nan, Allah ya ƙara mata lafiya, ita kaɗai ta san rabin abin da na faɗa. Sai ni. Gadar ma tana tsaye, ba ta faɗi ba, farar ƙasar ta wanke, awaki ne ke kwana a kanta. Har gobe za ku ji mai cewa ga ta nan daram, ashe a banza aka rufe. In ya faɗa muku haka kada ku yi musu da shi. Duro-duron nan an daɗe da farfasa su an sayar da ƙarfen, hanya a buɗe take, ba mai gadi. Ku tambaye shi, a cikin duk masu motar da suka zagi ubanku, wa ya taɓa ɗora wa motarsa shanu ya hau.